Ibnu Baɗuɗa a Mali: Baƙon da Ya Yanke Hukunci Kafin Ya Tambaya



Shekarun baya na raka maigidana, dattijon da nake riƙe wa alƙalami, zuwa fadar wani sarkin gari a ƙasar Asante, domin neman ƙarin fili ga makarantar yaranmu. A cikin tawagarmu akwai wani saurayi mai ƙwazo, ya yi allo ya yi boko, amma bai taɓa shiga zaman fada ba. Muka bi layi muka gaisa daga dama zuwa hagu, aka ba mu ruwa, aka tambayi abin da ke tafe da mu, maigida ya yi bayani. Sarki yana zaune bai fi taku huɗu daga inda muke ba, kowace kalma a kunnensa, amma bai amsa mana da kansa ba. Yakan yi magana ƙasa-ƙasa, sai okyeame ya ɗaga murya ya isar mana. Da muka fito, saurayin nan ya cika fam. Ya ce an wulaƙanta mu don mu 'yan zango ne, har ya zaro waya zai sanar da abokansa. Maigida ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaro, kafin ka rubuta, je ka tambaya ko ɗan garin ma sarki na amsa masa da bakinsa a zaman fada." Ya je ya tambaya, ya dawo jikinsa a sanyaye.

A ranar na tuna cewa irin wannan kuskure, kusan kalma da kalma, ya taɓa samun mutumin da ya fi yawancin mutanen zamaninsa yawon duniya. Tarihinsa nake so mu duba, domin akwai abin da malamai da iyaye za su ɗauka su koya wa na baya.

Sunansa Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Baɗuɗa. An haife shi a Tanja ta ƙasar Maroko a 1304, a gidan alƙalai. Ya bar gida a 1325 da niyyar aikin hajji, tafiyar ta miƙe masa har kusan shekara talatin. Ya ga Masar da Sham da Iraƙi da Farisa da gaɓar gabashin Afirka. A Indiya, Sarki Muhammadu ɗan Tuglak ya naɗa shi alƙalin Dalhi da albashin dinari 12,000 a shekara. A riƙe wannan adadi, domin da shi ne ya riƙa auna karamcin kowane sarki da ya haɗu da shi daga baya.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ce ta ƙasar Mali. Ya tashi daga Sijilmasa tare da ayari a farkon Muharram na 753 bayan hijira, wato Fabrairun 1352. Bayan kwana 25 suka isa Tagaza, ƙauyen haƙar gishiri, inda ya ga gidaje da masallaci an gina su da gishiri, an rufe da fatun raƙuma. Bayan wata biyu cif da barin Sijilmasa suka iso Walata, garin farko a ƙarƙashin ikon Mali, wanda a yau yake cikin ƙasar Muritaniya.

A nan ya fara tuntuɓe. Fatake suka je gaida wakilin sarki, wanda ake kira Farba Husaini. Suna tsaye dab da shi, amma ta bakin tafinta yake yi musu magana. Ibnu Baɗuɗa ya ɗauki wannan a matsayin raini, har ya ce ya yi nadamar zuwa ƙasar. Da ya yi haƙuri ya tambaya, da an gaya masa cewa haka tsarin sarautar yake. Shi da kansa, da ya isa babban birnin, ya ba da labarin Duga, tafintan fada, wanda duk mai son magana da sarki sai ta bakinsa, ko baƙo ko ɗan ƙasa. Mu Hausawa ba baƙin wannan ba ne. A fadojin ƙasar Hausa mutum kan faɗi ya yi gaisuwa, fadawa su amsa da cewa sarki ya gaishe shi, kuma babu mai cewa an raina shi. Manufar ita ce a tsare kwarjinin sarauta, a tace magana kafin ta fita, a kuma sami shaida a kan abin da aka faɗa.

Tuntuɓe na biyu a kan abinci ne. Wani jami'in garin ya gayyaci 'yan ayari liyafa. Aka kawo dakakken gero da aka dama da madara da ɗan zuma, a cikin ƙwarya. Mai karatu zai gane wannan nan take, domin ɗan'uwan gumba da fura ne. Ga wanda ya share wata biyu cikin rairayi da ƙishirwa, da wuya a sami abin da ya fi wannan dacewa da ciki. Abokan tafiyarsa suka sha, suka kuma shaida masa cewa wannan babbar tarba ce a wajen mutanen garin. Shi kuwa a take ya yanke cewa babu wani alheri da za a samu wajen waɗannan mutane, har ya yi tunanin juyawa. Da ƙwarya ɗaya ya auna daula guda.

Na uku ya fi zurfi. Mutanen Walata, yawancinsu 'yan ƙabilar Masufa, suna danganta mutum ga kawunsa na wajen uwa, kuma 'ya'yan 'yar'uwa ke gadon mutum. Ya ce bai taɓa ganin haka ba sai a wajen waɗanda ba Musulmi ba a yankin Malabar na Indiya. Matansu kuma ba sa kulle, suna zama su yi hira da maza. Wannan ya dame shi ƙwarai, har ya daina zuwa gidan wani mutum da ya karrama shi. Amma a nan dole a yaba masa: bai ɓoye cewa mutanen Musulmi ne masu kiyaye salla, masu karatun fiƙihu da haddar Alƙur'ani ba. Ya rubuta abin da bai so, ya kuma rubuta abin da ya gani na kirki a gefensa.

Labarin da ya fi kama hankalina ya faru ne a bakin kogin Kwara, a kan hanyarsa ta zuwa babban birnin. Wata rana ya gangara bakin ruwa domin biyan bukata, sai wani mutumin yankin ya zo ya tsaya tsakaninsa da kogin. Ibnu Baɗuɗa ya yi mamakin wannan rashin kunya da rashin ladabi, ya kai ƙorafi wajen wani. Aka ce masa ai mutumin ya ji masa tsoron kada ne, shi ya sa ya sa jikinsa tsakaninsa da ruwa. Mutum ya miƙa ransa domin ya tsare baƙon da bai sani ba, baƙon kuma ya tashi da sunan an ci masa mutunci. Abin da idonsa ya gani gaskiya ne: mutum ya tsaya kusa da shi a lokacin da bai kamata ba. Fassarar da ya yi wa abin ce ta karkace. Da bai buɗe baki ya faɗa wa wani ba, da haka zai rubuta, mu kuma mu karanta bayan shekara ɗari shida da wani abu cewa mutanen bakin Kwara ba su da kunya. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Ya isa babban birnin Mali a tsakiyar 1352, zamanin Mansa Sulaimanu, ɗan'uwan Mansa Musa wanda ya yi shahararren hajjin nan na 1324. Bai daɗe da sauka ba ya ci wani abinci da aka yi da saiwa mai kama da gwaza. Su shida suka ci, duka suka kwanta, ɗaya ya rasu, shi kuma ya yi jinyar wata biyu. Da ya warke ya gaida sarki, aka aiko masa da kyautar sauka. Ya miƙe yana tsammanin riguna da kuɗi, sai ya ga gurasa uku da yankin naman sa soyayye da ƙwaryar nono. Ya yi dariya, ya kira sarkin marowaci. Daga baya ya kai kukansa gaban sarki ta bakin Duga, aka ba shi gida da abin masarufi, ranar tafiyarsa kuma aka ba shi misƙali 100 na zinariya.

Wata takwas ya yi a birnin, kuma zaman ya gyara masa gani. Da ya zo taƙaita halin mutanen, sai ya jera abin yabo da abin zargi. Ya ce ƙyamar zalunci a wajensu ta fi ta kowace al'umma, sarkinsu ba ya yafe wa azzalumi. Matafiyi ba ya tsoron ɓarawo ko ɗan fashi. Idan baƙon Balarabe ya mutu a ƙasarsu, ba sa taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai su danƙa wa amintacce har magaji ya zo. Ranar Juma'a wanda bai yi sammako ba ba ya samun wuri a masallaci, kowa da fararen tufafi wankakku. Suna matsa wa 'ya'yansu a kan haddar Alƙur'ani. A ɗaya gefen ya zargi fitar kuyangi ba sutura, da zuba ƙasa a ka a gaban sarki, wanda Hausawan da ke kira afi, da cin naman da shari'a ba ta halatta ba. Wannan shi ne mutumin da a Walata ya ce babu alherin da za a samu wajensu. Abin da ya raba hukuncin farko da na ƙarshe shi ne zama da kallo da tambaya.

Akwai kuma kuskuren da ba na al'ada ba. Duk inda ya ambaci kogin Kwara, Nilu yake kiransa, yana ganin shi ne ke wucewa ta Tambutu da Gawo har ya gangara ƙasar Nuba da Masar. Haka masana da yawa kafin shi suka ɗauka, shi kuma ya karɓa. Ya ga kogin da idonsa, har ya shiga kwalekwale a kansa, amma bai bi shi zuwa ƙarshe ba, sai ya cike abin da bai gani ba da abin da ya ji. Turawa ma sun daɗe cikin wannan ruɗani. Mungo Park ya iso kogin a Segu a 1796, sannan a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi shi daga Busa har inda ya faɗa teku. Ta wani gefen kuma muna cin moriyar abin da Ibnu Baɗuɗa ya ji ya adana. A Takadda, cikin ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagulla zuwa Gobir, kuma wannan na cikin tsofaffin ambaton wata ƙasar Hausa a rubuce. Ji ba laifi ba ne, matuƙar an san cewa ji ne.

Ya koma Fas a farkon 1354. Sarki Abu Inan ya sa wani marubuci, Ibnu Juzayyi, ya rubuta labarin daga bakinsa, aka kammala a ƙarshen 1355. Sai reshe ya juya da mujiya. Mutanen fada suka riƙa raɗa cewa maƙaryaci ne, musamman a kan abin da yake faɗa na dukiyar sarkin Indiya da yawan kyautarsa. Wanda ya yi wa wasu hukunci da ma'aunin garinsu, shi ma aka yi masa da ma'aunin Fas.

Cikin waɗanda suka ji wannan raɗa akwai wani matashi haifaffen Tunis, Abdurrahman Ibnu Khaldun, wanda daga baya, a 1377, ya rubuta Muƙaddima. A cikinta ya ba da labarin yadda ya kai shakkarsa wajen wazirin sarki, Faris ɗan Wadrar. Waziri ya gargaɗe shi da kada ya ƙaryata abu don kawai bai taɓa ganin irinsa ba, ya kuma buga masa misali da ɗan wani waziri da ya girma a kurkuku tare da mahaifinsa. Yaron bai taɓa ganin wata dabba ba sai ɓera. Da aka kawo musu nama, uban ya ce na tunkiya ne, ya siffanta masa ita, sai yaron ya tambaya ko kamar ɓera take. Haka ya tambaya game da saniya da raƙumi. Duk wanda bai san komai ba sai unguwarsu, da ɓeran unguwarsu zai auna duniya.

Amma Ibnu Khaldun bai ce a gaskata komai ba. Ya lissafa ƙofofin da ƙarya ke shiga labari: son zuciya ga ɓangare ko mazhaba, yarda da mai ba da labari ba bincike, rashin gane manufar abin da aka gani, neman shiga wajen masu mulki ta hanyar yabo, da jahiltar yadda zaman jama'a ke gudana. Ya ce a ɗora labari a kan ma'aunin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Da ya zo rubuta tarihin sarakunan Mali, ƙasar da bai taɓa zuwa ba, sai ya nemi mutanen da suka san ta, ya kuma ambaci sunayensu, cikinsu har da Shaihu Usmanu, malamin fiƙihun mutanen Gana, wanda ya haɗu da shi a Masar. Ko a nan akwai abin lura ga ɗalibi: waccan Gana tsohuwar daula ce da ke yankin Muritaniya da Mali na yau. Ƙasarmu ta ari sunan ne a 1957. Masana na baya kuma sun auna littafin Ibnu Baɗuɗa da irin wannan ma'auni, suka gano cewa wasu siffofin biranen Sham da Hijaz an ɗebo su ne daga littafin Ibnu Jubairu, matafiyin Andalus da ya riga shi. Wannan bai zubar da littafin ba. Ya nuna mana inda za mu dogara da shi da inda za mu yi hattara.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Domin mun san ɗacin hukunci ba bincike. Kakanninmu sun bi hanyar goro zuwa Gwanja tun ƙarnoni da suka wuce. Baturen Ingila Bowdich, da ya zo Kumasi a 1817 zamanin Osei Bonsu, ya tarar da Musulmi masu rubutun Larabci suna da shiga a fada. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya warwatsa malamai da fatake zuwa garuruwa kamar Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Duk da haka, a Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, guguwar ta kwashi har da waɗanda a nan aka haife su. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Gana masu ɗimbin yawa suka kwaso kayansu suka dawo. Har gobe akwai wanda in ya ji kalmar zango, rigima da ƙazanta ne ke fara zuwa masa, alhali asalin kalmar masaukin ayari ne, kuma bai taɓa zama a zauren karatu na zango ko na yini ɗaya ba.

To, wanda ya san zafin wannan bai kamata ya yi wa wani ba. Sau nawa yaranmu ke jin mu muna yi wa al'adun Asantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, dariya ba tare da mun san tushensu ba? Mu ɗauki gadon ɗan 'yar'uwa, wanda ya girgiza Ibnu Baɗuɗa a Walata. A wajen Akan, mutum ɗan dangin uwarsa ne, abin da suke kira abusua. Kawu, wato wofa, yana da nauyin 'ya'yan 'yar'uwarsa a wuyansa, kujerar sarauta ta ɓangaren uwa take bi, kuma Asantehemaa ce ke gabatar da wanda zai zama Asantehene. Tsari ne mai haƙƙoƙi da wajibai. Su da kansu sun yi muhawara a kan illarsa ga matar mamaci da 'ya'yansa, kuma dokar gado ta 1985 ta ware wa mata ko miji da 'ya'ya kasonsu. Musulmi yana da nasa hukuncin rabon gado, ba kuma a ce ya sauka daga kai ba. Fahimtar abu daban, amincewa da shi daban. Amma wanda ya fahimta, ko zai ƙi, zai ƙi da ilimi da ladabi, kuma maƙwabcinsa zai saurare shi.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a karatunmu. Suratul Hujurat ta yi umarni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, kuma a cikinta aka bayyana cewa an yi mu al'ummu da ƙabilu domin mu san juna. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wanda ya ji daga wa. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Abin da ya rage shi ne mu sauko da wannan daga littafi zuwa tabarmar da yara ke zaune.

Ga yadda nake ganin za a fara. Idan yaro ya kawo labari, ko daga kasuwa ko daga waya, malam ya tambaye shi: da idonka ka gani, ko ji ka yi? In ji ne, daga wa, shi kuma daga wa? Sannan a raba masa abin da ya gani da fassarar da ya yi masa, kamar yadda tsayuwar mutumin bakin Kwara ta bambanta da ma'anarta. Sai a tambaye shi ko ya ji ta bakin masu abin, domin kowace al'ada masu ita suna da bayaninta. A ƙarshe a tambaye shi ko abin zai yiwu a hankalce, da kuma wa zai amfana idan labarin ya bazu. Hoton bidiyo na daƙiƙa talatin ba ya nuna abin da ya faru kafinsa ko bayansa, kuma sau da yawa na wata ƙasa ne ko na wata shekara. A koya wa yaro cewa faɗin "ban tabbatar ba tukuna" ba kasawa ba ce. A kuma riƙa kai ɗalibai su gaida dattawan gari, su ga zaman fada, su yi tambaya da ladabi, kamar yadda muke so 'ya'yan maƙwabta su shigo zango su ga yadda muke. Matambayi ba ya ɓata.

Saurayin nan da na fara da labarinsa, yanzu shi ke karantar da ajin manya a makarantar da aka gina a filin da muka je nema. Na taɓa wucewa na ji yana ba ɗalibansa labarin kadan Kwara, yana tambayarsu abin da za su rubuta da su ne a bakin kogin.

Allah Ya ba mu ikon tabbatarwa kafin furuci, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabata. Wassalamu alaikum.